Mabuɗin Hill tsakanin allo da Excel

Dabarar ɓoye saƙo ta Lester Hill ba ta yi wani abin a zo a gani a fagen yaƙi ba. Sojoji ba su rungume ta ba, na'urar da aka ƙera dominta ma ba ta samu kasuwa ba. Duk da haka, yau da ta doshi shekara ɗari, da wuya ka buɗe babban littafin koyar da tsaron bayanai ka rasa ta a babukan farko. Malaman lissafi ne suka raya ta, kuma ina cikinsu. Na koyar da ita da alli, na koyar da ita da Excel, ga shi na kai zamanin da ɗalibi kan tambayi wayarsa ta ba shi amsa kafin malami ya gama rubuta tambaya. A cikin waɗannan zamunna uku, na tsakiyar ne ya fi yi wa ɗalibi adalci, kuma shi ne yake neman kuɓuce mana.

Hill malamin lissafi ne a Kwalejin Hunter da ke birnin Niyok. A 1929 ya buga maƙala a mujallar American Mathematical Monthly, ya bi ta da wata a 1931. Abin da ya nuna shi ne, ana iya mayar da haruffa lambobi, a kasa su rukuni-rukuni, a ninka kowane rukuni da matiriks, wato jadawalin lambobi mai layukan kwance da na tsaye. Shi da abokin aikinsa Louis Weisner suka ƙera wata na'ura mai haƙoran ƙarfe da sarƙoƙi wadda ke ɗaukar haruffa shida a tashi ɗaya, aka ba su takardar mallakarta a 1932. Dalilin na'urar ba ɓoyayye ba ne: lissafin ya fi ƙarfin hannu. Haruffa shida na bukatar ninkawa 36 a kowane rukuni, kuskure ɗaya kuwa ya isa ya ɓata rukunin gaba ɗaya. Tun ranar farko wannan nauyi yake biye da dabarar, kuma tarihin koyar da ita kusan duk tarihin neman mai sauke shi ne.

Sai an waiwaya baya kafin a gane abin da Hill ya kawo. Yuliyas Kaisar na Rum yakan matsar da kowane harafi gaba da taki uku, A ya zama D. Irin wannan musanya ta harafi da harafi, al-Kindi na Bagadaza ya karya lagonta tun ƙarni na 9. Ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan fitowa, don haka in ka ƙirga haruffan saƙon da aka ɓoye, wanda ya fi yawa zai tona kansa. A 1987 aka gano risalar tasa a cikin tsofaffin littattafan da ke adane a Santambul. Wanda duk ya gwada wannan ƙirga da rubutun Hausa ya san ba ta ɗaukar lokaci, domin harafin a ya yi wa sauran fintinkau. A 1854 Charles Wheatstone ya fito da dabarar da aka sani da sunan Playfair, mai ɗaukar haruffa bibbiyu, sojojin Ingila suka yi aiki da ita har a yaƙin duniya na farko. Hill ya cire iyakar: biyu, uku, shida, ko nawa kake so, kuma ya ɗora abin a kan aljabara maimakon zanen hannu.

Ga yadda take a mafi ƙanƙantar siffarta. A ba A lamba 0, B lamba 1, har zuwa Z mai 25. A ɗauki mabuɗi mai gida huɗu, 5 da 8 a layin sama, 3 da 7 a layin ƙasa. Kalmar KANO ta rabu biyu, KA da NO. K shi ne 10, A shi ne 0. Layin sama ya ce 5 sau 10 a haɗa da 8 sau 0, an samu 50. Layin ƙasa ya ce 3 sau 10 a haɗa da 7 sau 0, an samu 30. Babu harafi na 50, saboda haka sai a raba da 26 a riƙe abin da ya rage, 24 da 4, wato Y da E. NO kuma, 13 da 14, ya ba da 177 da 137, ragowarsu 21 da 7, V da H. KANO ta koma YEVH. In ka gwada GABA da wannan mabuɗi za ka samu ESFD: a gurbin A na farko S ya fito, a gurbin na biyu D. Mai ƙirga haruffa ɗaya-ɗaya ya rasa madafa ke nan.

Lissafin ragowar bai taɓa ba ɗalibanmu wahala ba, yana ma cikin manhajar babbar sakandare. Ka tambaye su, in yau Litinin, wace rana ce nan da kwana 100, za su raba da 7 su riƙe 2 su ce Laraba. Ba wa harafi lamba ma ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin zaure ya haddace abajada. Kuma mu ne muka fitar da Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan tsara lambobi a gidajen hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Lissafin hatimi daban, na matiriks daban, ba na yarda a cakuɗa su a aji. Amma idon da ya saba ganin lamba a cikin gida-gida ba ya firgita in ya ga jadawali.

Hill ya rasu a 1961, kafin dabararsa ta samu gidan da ta zauna. A 1967 David Kahn ya fitar da The Codebreakers, littafin da ya buɗe wa jama'a tarihin rubutun sirri, ya kuma ba Hill matsayinsa a ciki. A waɗannan shekarun ne Abraham Sinkov, ɗaya daga cikin mutanen farko da William Friedman ya ɗauka aikin fasa saƙonni na sojan Amurka a 1930, ya rubuta Elementary Cryptanalysis domin masu ilimin lissafin sakandare. Sai shekarun 1970 suka zo da guguwa: dabarar Diffie da Hellman a 1976, tsare-tsaren ɓoye saƙo na RSA da DES a 1977, mujallar Cryptologia ita ma a 1977. Fannin da a da na ofisoshin sirri ne ya shigo jami'a. Masu koyar da matiriks suna neman misalin da zai nuna wa ɗalibi amfanin abin da yake koya, masu koyar da tsaron bayanai suna neman gadar da za ta kai shi daga Kaisar zuwa lissafin zamani. Dukansu suka tarar da Hill yana jiran su. Littafin Anton da Rorres ya ware masa sashe, na Stinson da na Stallings suka sa shi a farko-farko. Ta cikin irin waɗannan littattafai, galibi kwafin da ya sha hannu, ya iso gare mu.

Zamanin alli ba na kewarsa. Darasi guda yakan ƙare a kan kalma mai harafi huɗu. Ka cika allo da ninkawa, ɗalibai suna kwafa, waɗanda ke da kalkuleta suna dannawa, sauran suna lissafi a gefen takarda. In aka zo buɗe saƙo aka samu shirme, babu mai iya cewa ko ba a fahimci dabarar ba ne ko kuwa wani ne ya ce 7 sau 8 hamsin da huɗu ne. Matiriks mai gida tara, sai dai a ambace shi a wuce. Fasa saƙo ba tare da mabuɗi ba, wanda shi ne zuciyar fannin, ba a ma kai wa gare shi. Tambayar jarrabawa ta kan tsaya a "ɓoye wannan kalma da wannan mabuɗi", wanda duk ya iya ninkawa ya ci, ko da bai san dalilin ko taki ɗaya ba.

Wanda ya sauke mana nauyin bai san da mu ba. Dan Bricklin ɗalibi ne a makarantar kasuwanci ta Harvard, yana kallon yadda canza lamba ɗaya a allo ke tilasta a goge a sake lissafa duk abin da ya dogara da ita. Shi da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979 a kan kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ta biyo a 1983, Excel a 1985 a kan Macintosh, sannan a 1987 a kan Windows. Domin akantoci da 'yan kasuwa aka yi su. Sai dai matsalar da suka zo warwarewa ita ce tamu sak, matsalar allo da gogewa. Kuma a cikin Excel akwai umarni uku da akanta zai yi shekaru bai taɓa ba: MMULT mai ninka matiriks, MDETERM mai fitar da ditaminan, da MINVERSE mai juya matiriks. Da ɗakunan kwamfuta suka fara samuwa a makarantunmu, ba mu da kuɗin sayen MATLAB, amma kowace kwamfuta da Excel a cikinta, kuma duk wanda ya yi ɗan kwas na koyon kwamfuta ya taɓa buɗe ta.

Tsarin da yawancinmu muka tsaya a kai kusan iri ɗaya ne, ko da yake babu wanda ya koya wa wani. A gida na farko a rubuta saƙon. A layi na gaba MID ya ciro haruffan ɗaya-ɗaya, kowanne a gidansa. Ƙarƙashinsu CODE ya mayar da su lambobi, a cire 65 domin a wurin kwamfuta babban A lambarsa 65 ce. A jera lambobin bibbiyu a tsaye, mabuɗi yana gefe an shafa masa launi. MMULT ya ninka, MOD ya riƙe ragowa, CHAR ya mayar da su haruffa. Kowane taki da layinsa, babu abin da ya ɓuya. Lokacin da na fi so a wannan darasi shi ne in ce wa ɗalibi ya goge harafi ɗaya na saƙon ya sa wani. Yana danna Enter sai ya ga haruffa biyu sun motsa a ƙasa. In matiriks mai gida tara ne, uku su motsa. Ya canza lamba ɗaya a layin sama na mabuɗin, harafin farko na kusan kowane rukuni ya sauya. Abin da nakan yi rabin sa'a ina bayani a allo, ya gani da idonsa kafin ya ɗage yatsa.

Akwai 'yar wahalar da duk wanda ya yi wannan zamani zai tuna. A tsohuwar Excel sai ka zaɓi duka gidajen da amsa za ta zauna, ka rubuta fomula, sannan ka danna Ctrl da Shift da Enter tare. Wanda ya danna Enter kaɗai, lamba ɗaya tak zai gani. Hannaye sukan tashi ko'ina a ɗakin: "Malam, nawa ɗaya ya ba ni." Sabuwar Excel ta Microsoft 365 ta kawar da wannan, amsa tana bazuwa da kanta. Amma kwamfutocin makarantu da yawa har yau tsohuwar ce a kansu.

Inda ainihin karatun yake shi ne buɗe saƙo. Hankali yakan ce, tunda da ninkawa aka kulle, a nemo matiriks mai mayarwa a ninka da shi. Ɗalibi ya kira MINVERSE a kan mabuɗinmu, sai ga lambobi masu ɗigo: 0.636, da -0.727, da sauransu. Ya ninka su da 24 da 4, ya samu 12.36 a inda yake jiran 10. Babu harafi mai lamba 12.36. A nan ne malamai suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su haɗu ba. Wasu sukan kauce wa matsalar ta hanyar jefar da MOD gaba ɗaya: a aika 50, 30, 177, 137 yadda suke, MINVERSE ya dawo da 10, 0, 13, 14 lafiya lau, kowa ya tafi gida da murna. Littattafan sakandare da dama haka suke yi. Ni ban yarda da wannan ba. Saƙon da aka aika a haka ba haruffa ba ne, girman lambobin ma yana tona abin da ke ciki, kuma an cire wa ɗalibi tambaya mafi daraja a darasin: mene ne rabawa a duniyar da lambobinta 26 ne kacal?

Amsar tana fitowa da kyau a jadawali. Ditaminan na mabuɗinmu 5 sau 7 a cire 8 sau 3, wato 11. Muna neman lambar da in aka ninka ta da 11 ragowar za ta zama 1. Sai a jera 1 zuwa 25 a tsaye, a ninka kowace da 11, a sa MOD, a bi da ido. A kan 19 za a tsaya, domin 11 sau 19 shi ne 209, wato 26 sau 8 da ɗaya a kai. Ninkawa da 19 ita ce rabawa da 11 a wannan duniya. Daga nan a ninka abin da MINVERSE ya bayar da 11, ɗigon ya tafi, a samu 7, -8, -3, 5. A ninka su da 19, a sa MOD, mabuɗin buɗewa ya fito: 3 da 4 a sama, 21 da 17 a ƙasa. A gwada shi da YE: 3 sau 24 da 4 sau 4 ya ba da 88, ragowa 10, K ya dawo. 21 sau 24 da 17 sau 4 ya ba da 572, wanda 26 ta raba ba saura, A ya dawo. Ajin da ya kai nan da hannunsa, za ka ji shi daga waje.

Abubuwa biyu ƙanana suna ɓoye a wannan taki, kuma kowannensu darasi ne mai zaman kansa. MOD na Excel yana mayar da -152 zuwa 4, yadda muke so, alhali alamar ragowa a harsunan C da Java -22 take bayarwa. Ɗalibin da ya ga wannan bambanci sau ɗaya ba zai sha mamaki ba ranar da ya fara rubuta manhaja. Na biyu ya fi lahani. Kwamfuta ba ta iya ajiye 7 bisa 11 daidai, tana yanke shi a wani wuri. In ka sake ninkawa da 11, gidan yana iya nuna maka 7 alhali a cikinsa 6.999999 ne da ɗoriya. CHAR kuwa ba ya kallon abin da ke bayan ɗigo, sai harafin da ke gab da na gaskiya ya fito. Maganin shi ne ROUND kafin MOD. Nakan bar ɗalibai su ci karo da wannan kafin in faɗa musu, domin nan ne karo na farko da yawancinsu ke gane cewa abin da allon kwamfuta ya nuna da abin da ke cikinta ba lallai su zama ɗaya ba.

Sai batun mabuɗin da ba ya buɗewa. Ka ba su dama su zaɓi lambobinsu, mafi yawansu za su kulle saƙon da ba mai iya buɗewa, har su kansu. Ɗauki 2 da 4 a sama, 1 da 5 a ƙasa. Ditaminan 6 ne, MINVERSE ba zai yi gardama ba. Amma BA da ON dukansu CB suke komawa, to wanda ya karɓi CB wanne zai karanta? Dalilin shi ne 26 tana rabuwa da 2 da 13, don haka duk ditaminan da 2 ko 13 ke rabawa ba shi da abokin da zai mayar da shi 1. Lambobi 12 ne kawai a ƙasa da 26 suke da wannan aboki. A cikin matiriks 456,976 masu gida huɗu da za a iya rubutawa, 157,248 ne ke aiki, kashi ɗaya bisa uku da ɗan ƙari. Nakan sa RANDBETWEEN ya cika gidajen mabuɗi, GCD ya duba ditaminan da 26, gidan ya yi kore in mabuɗin na kirki ne. Su yi ta danna F9 suna ƙirga koren, su ga kashin da kansu kafin a zo hujjarsa.

Hausa ta ba mu wata kyauta a nan da littattafan Turai ba su da ita. Ɗalibi zai so ya ɓoye sunansa ko na garinsu, sai ya tarar babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. CODE ba dominsu aka gina shi ba, UNICODE kuma zai ba Ƙ lamba 408, nesa da 65 zuwa 90 inda sauran suke. Hanya mafi sauƙi ita ce mu rubuta jerin haruffanmu a gida ɗaya, FIND ya nemo matsayin kowane harafi, MID ya dawo da shi. Da ka ƙara waɗannan uku a kan 26, ka samu 29, lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Nan take matsalar 2 da 13 ta kau: kowane ditaminan yana aiki in dai 29 ba ta raba shi ba, kuma mabuɗan kirki suka tashi daga kashi ɗaya bisa uku zuwa sama da kashi 96 cikin 100. In ka bi rubutun Nijar ka ƙara ƴ, sannan ka ba tazarar da ke tsakanin kalmomi lambarta, ka samu 31, ita ma haka take. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin nuna wa ɗalibi dalilin da ya sa masana rubutun sirri ke ƙaunar irin waɗannan lambobi ba.

Duk wannan share fage ne. Darasin Hill bai cika ba sai an fasa shi, kuma jadawali ne ya sa fasawar ta shigo cikin sa'a guda. Dubi GABA da muka ɓoye ɗazu. BA shi ne 1 da 0, ya koma FD, wato 5 da 3. Waɗannan su ne layin tsaye na farko na mabuɗin, tsirara. A Hausa kuwa "ba" tana ko'ina. Hill da kansa bai bi jerin A 0, B 1 ba, ya hargitsa lambobin haruffansa, amma hargitsawar jinkiri kawai take kawowa. Nakan raba aji biyu, ɓangare ɗaya ya rubuta wasiƙa ya kulle, ɗayan ya fasa. Kusan kullum da sallama wasiƙar ke farawa. In aka kasa ASSALAMUALAIKUM bibbiyu, rukuni na uku LA ne, na biyar AL. LA shi ne 11 da 0, AL shi ne 0 da 11. Da mabuɗinmu sun koma DH da KZ, wato 3 da 7, sai 10 da 25. Mai fasawa ya san 19 ce ke warware 11. Ya ninka, ya sa MOD, sai ga 5 da 3, ga 8 da 7. Mabuɗin duka ya faɗo daga gaisuwa. Da irin wannan zato na abin da saƙo zai ƙunsa, kamar rahoton yanayi da Jamusawa ke aikawa a kai a kai, masu fasa saƙo na Bletchley Park suka riƙa samun kafar shiga Enigma, na'urar ɓoye saƙon Jamusawan, a yaƙin duniya na biyu. Raunin Hill shi ne komai nasa miƙaƙƙe ne, ninkawa da tarawa kawai, abin da aljabara ta ƙulla kuwa aljabara tana kwancewa.

Daga nan hanya a buɗe take zuwa zamaninmu. A 1949 Claude Shannon ya bayyana abubuwa biyu da kyakkyawan tsarin sirri ke bukata: ya watsa tasirin kowane harafi cikin sauran, ya kuma rikitar da alaƙar da ke tsakanin mabuɗi da abin da ya fito. Hill ya iya na farko, ya rasa na biyu. Tsarin ɓoye saƙo na AES, wanda Joan Daemen da Vincent Rijmen na Beljiyam suka tsara, Amurka ta amince da shi a 2001, kuma yana cikin abin da ke kare saƙonnin WhatsApp, yana da taki guda da ake ninka lambobi huɗu da matiriks mai gida 16. Aikin Hill ke nan, sai dai an haɗa shi da jadawalin musanya wanda ba miƙaƙƙe ba, ana maimaitawa zagaye bayan zagaye. A watan Agusta na 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ML-KEM, tsarin da aka yi domin ya jure wa kwamfutocin kwantam. Ginshiƙinsa ninka matiriks da lambobin sirri ne, a riƙe ragowa bayan rabawa da 3329, sannan a ƙara 'yan ƙananan kurakurai da gangan, tunanin da Oded Regev ya kafa a 2005. Ana iya ɗanɗana wa ɗalibai wannan a jadawalin nan nasu: a ƙara layi ɗaya mai sa 1 ko cire 1 ba tsari, a ce su sake fasawa da dabarar ɗazu. Za su ga mabuɗin da ya fito ba shi da alaƙa da na gaskiya, domin kuskuren 1 in aka ninka shi da 19 ya daina zama ƙarami.

Yanzu ana ce mana jadawali ya tsufa, a koma Python. Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta, lallai ya koma, amma bayan ya bi ta jadawali. Jadawali yana da iyakarsa: dogon saƙo yana gajiyar da shi, babban matiriks yana fitar da lambobin da tsawonsu ya wuce alƙaluma 15 ɗin da Excel ke riƙewa daidai. Sai dai a Python layi biyu sun gama aikin, ɗalibi ya kwafo su, amsa ta fito, bai ga 50 ta zama 24 ba, bai ga 12.36 ta tsaya masa a gaba ba. Manhajojin da ake yi wa tambaya su amsa sun fi haka ɓoye hanya. Sabuwar Excel ma tana ba da damar cusa dukan aikin a gida ɗaya, kuma na ga malamai matasa suna alfahari da irin wannan doguwar fomula. Ta nuna gwanintar malami, ɗalibi kuwa an mayar da shi inda yake a zamanin alli, yana kallon abin da bai san cikinsa ba.

Uzurin rashin kayan aiki ma ya ragu. Google Sheets da Excel suna buɗewa a waya, LibreOffice kyauta ce kuma ba ta bukatar intanet. Ina roƙon 'yan'uwana malamai da abu uku. Ku bar kowane taki a layinsa, ko da jadawalin zai yi tsawo. Kada ku cire MOD domin a samu sauƙi. Kuma kada ku rufe darasin sai ɗalibai sun fasa saƙon juna da hannunsu, sannan ku gaya musu ƙarara cewa kada wanda ya ɓoye lambar sirrin katinsa na banki da wannan dabara.